Ayarin Mambila ko tafiyar sannu? Amsa ga mai babur a Gombe

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Gombe. Bara na sayi babur Boxer mai ƙarfin inji 150cc, kuma mafi nisan da na taɓa yi da shi shi ne Gombe zuwa Bauchi, in kwana in dawo. Wasu masu babura suna shirya tafiya tudun Mambila da ke jihar Taraba a hutun Disamba, kwana biyar zuwa da dawowa, da jagora, da bakanike, da motar da za ta bi su da kaya, kowa zai biya kuɗin shiga. Raina ya biya ƙwarai. Amma abokina ya ce wahala kawai za mu saya da kuɗinmu, gara mu ɗauki baburanmu mu biyu mu yi ta yawo a hankali, inda dare ya yi mana mu kwana. Wanne ya fi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da nake so ka yi, dalilan su biyo baya. Bana kada ka bi ayarin Mambila. Ka bi shawarar abokinka, amma da gyara, domin maganarsa ta “inda dare ya yi mana” ba ta yi min ba ko kaɗan. Baɗi kuma, in Allah ya kai mu, ka nemi ayari mai madugu nagari ka hau Mambila, don akwai abin da ke cikin irin wannan tafiya wanda yawon sannu ba zai taɓa ba ka ba. Na haura shekara ashirin ina gyaran babur a Bauchi, na ja ayari a gaba, na kuma rufe masa baya, saboda haka duka biyun ina son su. Abin da nake duba maka shi ne wanne ya kamata ya riga wani.

Mu fara da lissafi, tunda kai malami ne. Daga Gombe zuwa Gembu, babban garin da ke kan tudun Mambila, ta Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, Numan, Jalingo, Bali da Serti, kimanin kilomita 700 ne. Zuwa da dawowa 1,400 ke nan. In an ce kwana biyar, to kwana biyu a je, kwana ɗaya a huta a sama, kwana biyu a dawo, wato kusan kilomita 350 kowace ranar tafiya. Mai mota zai ce wannan ai ba komai ba ne. Amma ƙaramin babur a hanyoyinmu, in ka haɗa ramuka, da kasuwannin bakin titi, da shanu masu tsallakawa, da shingayen jami’an tsaro, da wuya ya ba ka sama da kilomita 45 zuwa 50 a awa in an raba, ko da allurarka tana nuna 80 a inda hanya ta miƙe. Ka ga awa bakwai zuwa takwas ke nan a kan sirdi, ban da shan mai, da salla, da abinci, da facin da dole wani zai yi. Ranar za ta cinye awa goma sha ɗaya ko sha biyu. Gombe zuwa Bauchi da ka saba kimanin kilomita 150 ne. Ana neman ka yi ninkinsa biyu da ɗoriya a yini guda, ka tashi gobe ka maimaita, kuma mafi wuyar hanyar tana jiranka ne a ƙarshen rana ta biyu, lokacin da ƙarfinka ya riga ya tafi.

Wanda bai yi doguwar tafiya a babur ba yana zaton gajiyar a ƙugu da gadon baya take. Tana can, amma wannan mai sauƙi ce, domin kana jin ta. Wadda ke kisa ita ce wadda ba ka ji. Iska tana dukan ƙirjinka yini guda, ƙararta tana cika maka kunne a cikin hular kwano, kan babur yana karkarwa har yatsunka su mutu, gumi yana bushewa kafin ka san ka yi shi, musamman a hunturu, sai ruwan jikinka ya ragu ba ka ji ƙishirwa sosai ba. Idonka kuma ba ya hutawa ko na daƙiƙa ɗaya. Bayan awa biyar ko shida sai hukuncinka ya fara jinkiri: ka ga rami amma hannunka ya makara, ka shiga kwana da faɗi, ka manta sigina a kunne. Binciken da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, aikinsa yana lalacewa kamar na wanda ya ɗan sha giya, daidai ma’aunin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kansa. Ka ƙirga da kanka: wanda ya tashi ƙarfe huɗu na asuba don ɗaure kaya, ƙarfe tara na dare ya cika awa 17. Sannan ga gyangyaɗin nan na daƙiƙa uku ko huɗu wanda mai shi zai rantse bai yi ba. A gudun kilomita 80, kowace daƙiƙa mita 22 ce. Daƙiƙa huɗu sun kusa tsawon filin ƙwallo, ido a rufe, a kan taya biyu.

Na ga wannan da idona. Wata shekara muna dawowa daga wajen Numan, ni ke rufe baya, rana ta uku ta tafiya, tsakanin azahar da la’asar, lokacin da barci ya fi sata. Wani yaro mai hankali da ke gabana sai na ga baburinsa yana gangarawa gefen titi a hankali, babu birki, babu kaucewa. Na danna oda, bai ji ba. Allah ya taimaka wurin yashi ne, ya tashi da karayar allon kafaɗa da guje-gujen fata. Da na tambaye shi a asibiti, ya ce tun kilomita talatin baya yake jin barci. Na ce me ya hana ka tsayawa? Ya ce, “Maigida, kunya na ji, kar a ce ni na tsayar da mutane.”

Wannan amsar tasa ita ce zuciyar tambayarka. Bambancin tafiyoyin nan biyu bai tsaya a yawan kilomita ba. Yana wajen wanda ke riƙe da ikon tsayawa. In kai da abokinka ne, ikon yana hannunka: ka ji nauyin ido, ka sauka gindin tsamiya, ka kwanta minti ashirin, ka sha ruwa, ka tashi sabo. A cikin ayari mai jadawali kuwa ka miƙa wannan ikon ga wani. An riga an biya kuɗin masauki a Jalingo, dole a isa. Mutum goma sha biyar suna jira. Kai ne baƙo, kai ne mai ƙaramin babur, kuma ɗan Arewa ne da aka rena a kan kada ya nuna raki a gaban maza. Gogaggen mahayi ya san alamomin jikinsa, kuma yana da ƙarfin halin ɗaga hannu ya ce a tsaya. Sabon shiga bai san alamomin ba tukuna, in ma ya sani kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Shi ya sa nake cewa tafiyar sannu ita ce makarantar, ayari kuma jarrabawa ce.

Wasu za su ce maka akwai magani. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari suna ɗage barci na ɗan lokaci, amma ba sa biyan bashinsa, kuma idan ya dawo da ƙarfi yake dawowa. Tiramol kuwa, ina roƙonka da Allah kada ka kusance shi, kada kuma ka bi ayarin da ka ga ana miƙa shi. Ban da dusashe hankali, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ka kuwa san ma’anar wannan a kan babur mai gudu.

To amma kada ka ɗauka ina kushe ayari. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, kuma ba wanda ya yi ta shi kaɗai. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya da zango, akwai yarjejeniya da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Tafiya mai jagora ta yau wannan tsarin ne a kan taya, kuma amfaninta a ƙasarmu ya fi yadda mutane ke tsammani.

Ka ɗauki maganar doka kawai. An sha kafa dokar hana babura zirga-zirga a cikin garin Jalingo, haka Yola da Jos, kuma ƙananan hukumomi da dama a Arewa sukan taƙaita hawa babur da dare saboda tsaro. Ku biyu baƙi, da lambar Gombe, kuna iya faɗawa cikin doka ba ku sani ba, a kwana ana neman yadda za a karɓo babur. Madugu na ƙwarai ya riga ya yi waya, ya san inda za a kewaye, ya sanar da hukuma cewa ayari na tafe, yana da jerin sunaye da lambobin kowa a takarda. A shinge shi zai sauka ya yi magana sau ɗaya a madadin kowa. Ya san tsakanin wane gari da wane gari gidan mai ke wuya, inda dole sai an koma ga ’yan bumburutu, ya san kuma wanda mansa ba gauraye ba ne. In kacarka ta tsinke a dajin da ke tsakanin Bali da Serti, akwai bakanike, akwai motar da za ta ɗauki babur da mai shi. Waɗannan abubuwa ne da kuɗin shigarka ke saya, kuma in ana yin su da gaske kuɗin bai yi yawa ba.

Akwai kuma abin da ba a saya. Ranar da ka bar Mayo Selbe ka fara hawan dutsen nan, lanƙwasa bayan lanƙwasa, zafin ƙasa yana raguwa a jikinka, har ka fito sama ka ga tuddai kore shar ba iyaka, da shanu a warwatse, da gonakin shayi na Kakara, da hazon da ke kwanciya a kwari da safe, za ka ji wani abu a ƙirjinka da ba ka taɓa ji ba. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma a wannan yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Wanda ya isa wurin da guminsa, tare da mutanen da suka tura masa babur a laka suka raba masa ruwansu na ƙarshe, ya samu ’yan’uwa na har abada. Yakan kuma dawo ya san kansa: ya san cewa zai iya jure abin da da yake zaton ya fi ƙarfinsa. Ba na raina wannan ko kaɗan. Na ga samari da tafiya ɗaya irin wannan ta nutsar da su fiye da nasihar shekara.

A duniya ma masu son irin wannan wahalar suna da yawa. A Amurka akwai ƙungiyar Iron Butt, wadda ƙaramar shaidarta ita ce mutum ya yi mil 1,000, wato sama da kilomita 1,600, cikin awa 24, babbar gasarta kuma kwana 11 ce ana neman kusan mil 11,000. A Indiya kamfanoni suna jan baƙi a kan Royal Enfield daga Manali zuwa Leh, ta mashigan duwatsun Himalaya da suka haura mita 5,000, da motar bakanike a baya. Ɗan ƙasarmu Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a watan Afrilun 2022 ya iso Legas a ƙarshen Mayu, kimanin kwana 40, sama da kilomita 12,000, don wayar da kai a kan cutar shan inna. Amma ka lura da abu ɗaya. Raba kilomita 12,000 gida 40, za ka samu 300 a rana, a kan babur mai 500, ga mutumin da ya daɗe yana shiri. Jadawalin da aka ba ka, 350 a kowace ranar tafiya, ya haura wannan, kai kuma a kan 150.

Maganar babur ɗin ma tana bukatar a tsaya a kanta. Boxer jaki ne, ba na shakkar zai kai ka Gembu, domin ire-irensa ne ke jigilar mutane da buhuna a can kullum. Kayan gyaransa suna kowane ƙauye, wanda mai babban babur ba zai ce haka ba. Matsalar ita ce wa zai bi. In ayarin akwai masu 500 ko 650 ko sama, gudun da su suke hutawa a kansa shi ne iyakar ƙarfin naka. Za ka yini totur a murɗe har ƙarshe, injin da iska ce kawai ke sanyaya shi, baƙin mansa bai fi lita ɗaya ba. Sannan ayari yana da wata ɗabi’a: in na gaba ya wuce tirela ya ci gaba da gudunsa, na baya sai ya jira, ya wuce, sannan ya ƙure gudu don ya cim musu. Duk wanda ke can baya ya fi kowa gudu da yawan birki, kuma a nan ake yawan jefa sabon shiga. Wuce tirela a makare don kar a bar ka ya kashe mahaya da yawa. A tsarin da ya dace, mai ƙaramin babur da sabon shiga suna bin madugu kai tsaye, shi ke auna gudun ayari da su, gogagge kuma yana rufe baya, ba ya wuce kowa.

A kan dutsen kuma abubuwa biyu za su ba ka mamaki. Iska tana sirancewa da hawa, inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda haka a sama baburinka zai yi nauyi kamar ka ɗauki fasinja, filogi na iya yin baƙi. Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne saukowa. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa daidai lokacin da ake bukatarsa. Da ƙaramar giya ake sauka, inji ya riƙe babur, birki kuma a taɓa a saki. Kada a taɓa sakin giya ko kashe inji don tattalin mai. Wannan ba abin da za a koya ranar farko a gangaren Mambila ba ne, da gajiyar kwana uku a jiki.

Yanzu ga tafiyar sannu, wadda nake jin mutanenmu ba su ba ta haƙƙinta ba. Muna da wata ɗabi’a ta ganin cewa sai wuri ya yi nisa yake da abin kallo. Kai da ke Gombe, ka taɓa bin kogin Gongola? Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ka tsallake shi a gadar Dindima duk lokacin da ka je Bauchi, ya yi arewa ya zagayo ta Nafada da Ashaka, ya juyo kudu ya taru a madatsar Dadin Kowa, ya wuce Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Kusan rungume jiharku ya yi. Mutum zai iya ba wannan kogin kwana huɗu, kilomita 100 ko 120 a rana, ya dawo da abin da zai shekara yana ba ɗalibansa labari. Kusa da Bajoga akwai Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya yi shahada a hannun sojojin Ingila ranar 27 ga Yulin 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas da dubban mutane. Ayari mai sauri ko allon hanyar ba zai karanta ba. Kai kuwa za ka kashe inji, ka yi sallama ga dattawan wurin, ka zauna a ba ka labarin yadda suka gada, ka yi addu’a. A Dadin Kowa ka isa da hantsi lokacin da masunta ke fitowa, ka ci kifi a bakin ruwa. Ta wajen Dukku akwai Gombe Abba, tsohuwar hedikwatar masarautarku, wadda ’yan Gombe da yawa ba su taɓa takawa ba.

In kuka yi yamma, a Dindima za ku karkata zuwa Yankari. Daji ne mai faɗin murabba’in kilomita kusan 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama’a a 1962, kuma ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, rani da damina. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 a cikin dajin da giwaye ke yawo, saboda haka ku tuntuɓi ma’aikatan tun kuna gida a kan yadda za a yi da baburanku a ƙofa. Bayan yini biyu a kan sirdi, babu abin da ke warware ƙugu kamar wannan ruwan.

Abin da na fi so a tafiyar sannu shi ne mutane. Babur ba kamar mota ba ne, babu gilashi tsakaninka da duniya. Ka tsaya wajen mai shayi, kafin ya gama soya ƙwai an tambaye ka daga ina, zuwa ina, an gaya maka gadar gaba ta karye ka bi ta hagu, wani ya ce ƙaninsa yana garin da za ka kwana. Ka yi salla a masallacin ƙauye, liman ya hana ka tafiya sai ka sha fura. Wannan ne ma’anar tafiya mabuɗin ilimi, kuma sai mai lokaci yake samunsa. Kuɗinta ma ya fi sauƙi, tunda tun cire tallafin mai a 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi, ƙaramin babur a gudu matsakaici kuma ya fi tattali nesa ba kusa ba.

Sai dai tana da nata aibin, kuma a nan zan gyara wa abokinka. Wanda ya ce sannu zai tafi yakan yi sakaci da shiri, ya fita da taya mai sanƙo da silifa a ƙafa, wai ai ba nisa. Kwalta ba ta san nisa ba. Hular kwano mai rufe haɓa, a ɗaure, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuma da kusan 70, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa. Safar hannu, riga mai kauri, da takalmi mai rufe idon sawu dole ne. Takalmin ma yana da wani amfani a kudancin Gombe: ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba, yankin kububuwa ne, kada ku kwanta a ƙasa ko ku shiga ciyawa da magariba. Batun “inda dare ya yi mana” kuwa, ku bar shi. Ku zaɓi zango tun da safe, ku isa kafin la’asar sakaliya, wani a gida ya san inda za ku kwana. Fitilar ƙaramin babur ba ta nuna rami sai ka iso shi, manyan motoci suna kashe maka ido, ga shanu, ga halin tsaro da kowa ya sani. Kafin ku shiga kowace hanyar daji ku tambayi direbobin tasha da ’yan acaɓan garin, su ne ke da labarin safiyar ranar. Ku riƙe lasisi da takardun babur, da lambar hukumar kiyaye haɗurra, 122. A jaka kuma a samu tib, kayan faci, famfo, filogi, wayar kuloci, mahaɗin kaca, da sifanu.

Ga yadda zan so ka yi amfani da shekarar nan. Da farko ka je Tula. Daga Gombe zuwa Kaltungo kamar kilomita 70 ne, daga nan ka hau tudun Tula, hanya mai kwana-kwana da hawa da gangara. Ƙaramar Mambila ce a bayan gidanku. Ka hau ka sauka sau biyu ko uku, kana koyon riƙe babur da giya da kallon ƙarshen kwana maimakon gaban taya. Bayan wannan ku yi zagayen Gongola ko Yankari a hutun Disamba, kwana huɗu, a hankali, da kayanku a ɗaure yadda za ku ɗaure su ranar babbar tafiya, don ka san yadda nauyi ke canja babur. Hazo kan rufe hanya da sassafe a wannan lokacin, ku bar rana ta ɗan ɗaga. Sannan wata Asabar ka gwada kanka da gangan: Gombe zuwa Bauchi ka dawo a yini guda, kilomita 300, kana tsayawa kowace awa ɗaya da rabi ko biyu kana shan ruwa ko ba ka jin ƙishi. Washegari da safe ka sake hawa ka yi ko da 100. Abin da jikinka ya gaya maka a wannan safiya ta biyu shi ne gaskiyar ko ka isa bin ayari. Kada ka yi wannan gwajin a Maris ko Afrilu da zafi ke kai digiri 40, kada kuma ka yi shi da azumi a baki.

Idan lokacin ayarin ya zo, ka zauna da madugun ka yi masa tambayoyi ba kunya, domin ranka za ka damƙa masa. Sau nawa ya bi hanyar, kuma yaushe ne na ƙarshe? Kilomita nawa a rana, ƙarfe nawa ake sauka zango? In ya ce “sai yadda hali ya yi, ko da dare ne za mu ƙarasa,” ka karɓi kuɗinka. Babura nawa, kuma masu wane ƙarfi? In sun haura takwas ya kamata a raba su rukuni, kowanne da na gaba da na baya. Wa ke rufe baya? Me ake yi a mararraba don kada wani ya ɓata? Masu tsari sukan ajiye mutum ɗaya a kwanar yana nuna hanya har sai na ƙarshe ya wuce. Akwai wanda ya iya taimakon gaggawa, kuma sun san asibitin da ke kusa a kowane yanki? Tambaya mafi girma ka bar ta ƙarshe: in na gaji na ɗaga hannu, me zai faru? Madugun da ya ce za a tsaya, ko a sa baburinka a mota ka huta zango ɗaya ba wanda zai yi maka dariya, shi ne naka. Ni a ganina tafiyar Mambila daga Gombe a ƙaramin babur kwana bakwai ko takwas take so, uku a je, biyu a sama, sauran a dawo, kuma zan fi natsuwa in ayarin duk masu 150 zuwa 200 ne irinka.

Kafin ka tafi Tula ka yi juyen baƙin mai, ka sa a duba maka birki gaba da baya, a ja kaca ta bar wasan kamar yatsa biyu, in tayar baya ta fara sulɓi ka canja ta yanzu, kada ka jira. In ka yi gwajin kilomita 300 ɗin, ka biyo ta gareji a Bauchi mu duba filogin tare, ka kuma gaya min a wane gari ka fara jin idonka ya yi nauyi.